Yaya na son dogon takobi, ni kuma ni ke riƙon injin

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga unguwar Garin Malam, nan cikin Damagaram. Shekara uku na yi ina yaron inji a wajen wani mai yankan itace, ina ɗaukar jarkar mai, ina jan rassa, har ya fara sakar mini injin ina riƙewa. Bana yayana ya sayar da ragunansa biyu, na haɗa da kuɗin adashena, muka sayi namu injin yankan itace mai sarƙa, na hannu, Stihl MS 382. Injin lafiya lau, amma ƙarfen da sarƙa ke kewayawa, wanda muke ce wa takobi, ya cinye, sai an sayi sabo. A nan muka saɓa. Yaya ya dage sai mai santimita 90, domin akwai wani a garin nan mai irinsa, in ya ɗora shi a babur kowa sai ya waiwaya, kuma shi ake kira manyan ayyuka. Ni kuwa mai 50 na saba da shi. Aikinmu rage dogon yaro ne a gidaje da makarantu, da datsa iccen da iska ta kayar da damina, da yanka wa masu gidan burodi gungume, wani lokaci mu je lambunan Mirya. Da na ce masa dogon bai dace da mu ba, sai ya ce na raina shi alhali kuɗinsa ya fi yawa a ciki. Yau kwana huɗu ba mu ci a kwano ɗaya ba, Inna ta shiga damuwa. Baba, wanne za mu saya, kuma yaya zan yi da yayana?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa wa wannan inji albarka, ya tsare maka hannu da ƙafa.

Ku sayi mai 50. Na fara faɗa maka wannan don hankalinka ya kwanta ka karanta sauran a natse, domin sauran ne za ka kai wa yayanka, kuma ba na son ka kai masa shi kamar wanda ya ci nasara a kokawa.

Gobe in ka fita aiki, duk iccen da aka kira ku a kansa ka rungume shi. In yatsun hannuwanka suka haɗu a bayansa, kewayensa bai wuce wajen mita ɗaya da rabi ba, kaurinsa daga wannan gefe zuwa wancan kuma bai kai santimita 50 ba, domin kewaye a kullum ninki uku ne da ɗan kai na kauri. Wannan icce takobin da ka saba da shi zai ratsa shi a yanka ɗaya. In hannuwan ba su haɗu ba, ka yanka ta nan, ka zagaya ka ƙarasa ta can, kuma ta haka mai 50 yana cin icce mai kaurin 80 har zuwa kusan 90, wato wanda sai ku biyu kun kama hannun juna kafin ku kewaye shi. Yanzu ka tuna ayyukan da ka yi cikin shekara ukun nan. Sau nawa ka tsaya gaban dogon yaron da kai da yayanka ba za ku iya kewayewa ba? Ni na yi shekaru da inji a hannuna tsakanin Birni da Zango da ƙauyukan hanyar Magarya, kuma irin wannan zan iya ƙirga su da yatsu. Yawancin yinin mai inji a ƙasar nan a kan rassa yake ƙarewa, masu kaurin cinya, masu kaurin turmi, ana datsa su gajeru don su shiga amalanke.

Na san injin da yayanka ya gani a kan babur, ko ban gan shi ba. Mai yiwuwa Stihl 070 ne ko wani ɗan'uwansa. Shi ne injin da ya cika dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gana, inda ake kayar da manyan itatuwa a tsaga su katako a wurin, kuma daga can sunansa ya hauro mana. Cikin silindarsa ya kusa cc 106, nauyinsa ba takobi ba mai ya haura kilo 10, sarƙarsa ma mai manyan haƙora ce, an ƙera shi don ya ja mita guda na ƙarfe cikin ɗanyen icce bai gaji ba. Naku cc 72 ne da ɗan kai, ƙarfin doki 5 da ɗoriya, nauyi kilo 6 da wani abu. Inji ne mai kyau ƙwarai, na masu sana'a, amma ajinsa dabam. Kamfanin Husqvarna na ƙasar Suwidin yana da takwaransa, 372 XP, kuma tsawon takobin da suka yarda a ɗaura masa daga santimita 38 ne zuwa 71. Ajin naku ke nan. Ana ƙera mai 90 da zai zauna a kan kusoshin injinku, kuma mai shago zai ɗaura muku shi da murna. Zamansa a kan kusoshi dabam, iya jansa cikin busasshiyar bagaruwa dabam.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, duk haƙorin da ke cikin icce a lokaci guda yana karɓar rabonsa daga ƙarfin injin. In ka binne santimita 90 cikin gungume, haƙoran da ke ci sun kusa ninka na mai 50, ƙarfin kuwa bai ƙaru ba. Sai ka ji kukan injin ya sauka, ya koma gurnani. Mai inji in ya ji haka yakan danna, dannawar kuma ita ke sa kuloci ya riƙa sulɓewa yana zafi. Wannan inji iska ce kaɗai ke sanyaya shi, fankar da ke hura ta kuma da gudun injin take gudu, saboda haka lokacin da ya fi wahala shi ne lokacin da iska ta fi yi masa ƙaranci. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu ko Mayu, zafi ya haura 40, ƙura ta toshe matatar iska. Fistan da silinda su ke biyan kuɗin, kuma su ne mafi tsada a jikin injin. Ragunan yayanka a cikinsu suke.

Man sarƙa ma haka. Famfon injin abin da zai iya turawa ke nan, ko sarƙar gajera ce ko doguwa. A dogon takobi man kan ƙare kafin ya zagayo ƙasan ƙarfen inda ake cin icce, sai ka ga bakin ramin ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, sarƙa tana miƙewa kana ta ɗaure ta. Kowace safiya ka nuna hancin takobi ga wani kwali ko farin kututture, ka ba shi wuta kaɗan ba tare da ya taɓa ba, in layin mai bai fito a jiki ba kada ka fara aiki. Kuma ina roƙonka ka rabu da baƙin man da ake juyewa daga mota. Na san shi ne mai arha, na san kusan kowa shi yake zubawa, amma cike yake da garin ƙarfe, yana cin famfo yana cin takobi, kuma kai ke shaƙar feshinsa yini guda.

Babban dalilina dai yashi ne, kuma a nan nake son ka tsaya sosai, domin wanda bai yi aiki a ƙasarmu ba ba zai gaya maka shi ba. Irin haƙorin sarƙar da kowa ke amfani da shi yau wani mai saran itace ne a Amurka, Joseph Cox, ya ƙirƙiro shi bayan ya zauna yana kallon yadda tsutsar icce ke gaigayar kututture, kuma a 1947 aka fara ƙera shi a jihar Oregon, sunan da sarƙoƙin kamfanin ke ɗauke da shi har yau. Nasu daji ne mai ruwa, icce ɗanye, ɓawo wankakke. Namu iccen wata huɗu hunturu na tura masa rairayi cikin kowace tsaga ta ɓawonsa. Gara ta shafe gindinsa da laka. Dogon yaron cikin gari kuma akwai ƙusar mai shayi a jikinsa, da wayar shanya da icce ya haɗiye tun shekara goma, da guntun kwano na wani allon talla. Gungumen da za ka datsa a kan yashi yake kwance. Haƙori ɗaya in ya lashi ƙasa na ƙiftawar ido, sarƙar da ke gudun kusan mita 20 a daƙiƙa ta riga ta kai sauran duka wurin. Dogon takobi kuwa hancinsa ƙasa yake nema. Kana datsa reshe mai kaurin santimita 30, ragowar 60 na ƙarfe suna leƙe ta bayansa, nauyinsu na rinjayar gaba, da reshen ya rabu sai hanci ya duƙa cikin rairayi.

Sai ka zauna wasawa. Sarƙar mai 50 haƙora 36 gare ta. Ta mai 90 haƙora 57. In kowane haƙori magagari zai bi ta kansa sau uku, wancan 108 ke nan, wannan 171, kuma a irin iccenmu wanda ya wasa sau biyar ko shida a yini bai yi yawa ba. Lissafa lokacin da ka yi a gindin icce da magagari a hannu, mai gida na tsaye yana kallon rana. Lissafa magagarin da zai ƙare. Ranar da ƙusa ta karya maka haƙora, doguwar sarƙa za ka saya. Da kuɗin da ke tsakanin takubban nan biyu gara ku sayi sarƙa biyu ko uku na mai 50, ka fita da su a wase tun daga gida, wadda ta dakushe ka sauke ta ka ɗaura wata, wasawa sai dare. Ka nemi mai haƙorin da kusurwarsa ta ɗan lanƙwasa. Mai kusurwa tsaye kamar kurfi ta fi sauri a icce mai tsabta, amma ita ce ke fara mutuwa a yashi. In garin da injin ke zubarwa ya daina fitowa ɓarzajje ya koma kamar ƙura mai laushi, sarƙa ta dakushe, ko minti biyar ke nan da wasa ta.

Akwai abin da ya fi kuɗi. Kashi ɗaya cikin huɗu na hancin takobi, ɓangaren sama, in ya taɓa wani abu sarƙa na gudu, haƙori kan cije maimakon ya yanka, sai injin ya yi tsalle sama da baya, ya nufo fuska ko kafaɗa, cikin lokacin da bai kai na ƙifta ido ba. Kowane takobi na yin haka, gajere da dogo. Bambancin shi ne da gajere idonka na kan hancin, da dogo kuwa hancin yana can bayan gungume inda ba ka gani, kuma a cikin gida bayan gungume akwai katanga, akwai turken akuya, akwai wani reshen. Ni a wani lambu ta hanyar Mirya ta same ni. Aron dogon takobi na yi don wani tsohon mangwaro da ya faɗi, na gama gindin lafiya, sai na ce bari in ƙarasa rassan da shi kada in ɓata lokacin sauyawa. La'asar ta yi, hannuna ya gaji. Akwai turken shinge a bayan reshen, ganye ya rufe shi. Birkin sarƙa ya kama, shi ya sa nake rubuto maka yau da hannu biyu, amma ko a tsaye sai da haƙoran suka tsaga mini kafaɗar hagu, tabon na nan. Tun daga ranar ban sake datsa reshe da ƙarfen da ya fi aikin tsawo ba.

Saboda haka ka gwada birkin nan kowace safiya, tunda injin na hannu ne kuma ba ka san abin da ya gani ba. Babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, kada ya kwanta a kansa. Kada ka ɗaga injin sama da kafaɗarka. Kada ka hau dogon yaro da shi, ko da mai 50 ne, inji mai wannan nauyi na ƙasa ne, sama aikin gatari ne da zarton hannu da igiya. In reshe ya kusanci wayar lantarki ta NIGELEC, a je a yi musu magana su ɗauke wuta kafin a taɓa. Hular kwano da tabarau da abin toshe kunne da takalmi mai tauri, ku sa su cikin lissafin kuɗin takobi, ku saya rana ɗaya.

Yanzu bari in tambaye ka abin da nake son ka tambayi kanka kafin yayanka. A ƙasar Damagaram, wane icce ne ke buƙatar takobi mai 90? Ka bi hanyar Matamaye ko ta Magarya ka duba hagu da dama. Wanda ya kai wannan girma gawo ne, ko kuka, ko tsohuwar tsamiya, ko kiryar da ta tsira daga masu gawayi. Kuka ba ta itacen wuta, cikinta danshi ne da zare, amfaninta a tsaye yake, miya da ƴaƴa da igiya. Gawo kuwa kowane manomi ya san shi: yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani lokacin da kowa ya bushe, ƴaƴansa su riƙe awaki har ruwa ya sauka, kuma hatsin gindinsa ya fi na fili. Har yau dattawa na ba da labarin dokar Sarkin Damagaram Tanimun a ƙarni na 19, cewa wanda ya sare gawo da ransa yake wasa. Bayan farin 1973 da na 1984 gonaki sun yi fayau, iska na kwashe shuka, sai manoma da kansu suka koma barin tsiron da ke fitowa a gona suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani. Binciken da aka yi a 2006 ya kiyasta kusan hekta miliyan 1 da suka sake yin itatuwa ta wannan hanya a Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, galibi gawo. Ba gwamnati ta dasa su ba, iyayenmu ne da lauje da haƙuri. Abin da suka yi shekara talatin suna reno, inji irin naku na kwantar da shi kafin shayi ya dahu.

Ina faɗa maka wannan ne domin kayan aiki na jawo irin aikinsa. Ranar da aka san kana da mai 90, waɗanda za su riƙa nemanka da dare su ne masu son a kayar musu da abin da ba a kayarwa da rana. Za su zo da kuɗi mai kyau a lokacin da kake bukata. Dokar gandun daji ta 8 ga Yuni 2004 tana nan, akwai itatuwan da ta kare, gawo na ciki, kuma sara ba takarda na jawo tara har da kama kayan aiki. Dokar 30 ga Yuli 2020 ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena a gonarsa, amma ba ta buɗe wa mai inji ƙofa ya shiga yadda ya ga dama ba. Kafin ku fara aiki da sunanku, ku je ofishin ma'aikatan gandun daji ku gabatar da kanku, ku tambayi abin da ke buƙatar izini, cikin gari da wajensa. Duk mai gonar da ya kira ku kan icce mai rai, takarda tukuna. Dogon yaro in aka rage shi da kyau yana sake tohowa, bayan shekara biyu ko uku mai gidan zai sake kiranka. Gawon da ka kayar sau ɗaya za a biya ka shi.

Ban ce yayanka bai da gaskiya ko kaɗan ba. Dogon takobi na da ranarsa. Yana ratsa babban gindi a yanka ɗaya miƙaƙƙe, yana rage wa dogon mutum sunkuyo, kuma in damina ta kayar da tsohon icce a kan hanya ko katangar makaranta, mai shi ake nema. Maganin wannan a injinku shi ne mai 63, haƙora 42, wanda injin zai ja ba tare da ya wahala ba, kuma ta gefe biyu yana cin icce mai kaurin fiye da mita. Wannan shi ne takobi na biyu, a saye shi in aiki ya fara mayar da kuɗi, a rataye shi a ɗaki, a ɗaura shi ranar da ake bukata, a sauke shi da an gama gindin. Abin da ya fi ƙarfin mai 63, ku kira mai babban injin nan ya yanka gindi, ku ku ɗauki rassa da datsawa, a raba kuɗi. Babu faɗuwa a ciki. Shi ma da ƙarfe mai kilo goma sha a hannu ba son datsa rassa yake ba.

Sai yayanka. Mutumin da ya kai ragunansa kasuwa saboda sana'ar ƙanensa ba maƙiyinka ba ne, kuma ba takobi ne ainihin abin da ke damunsa ba. Tsoro yake ji. Ya zuba abin da yake da shi cikin aikin da bai iya ba, ba shi ke riƙe injin ba, ba shi ke jin kukansa ba, abin da kawai zai iya aunawa da idonsa shi ne tsawon ƙarfe da yadda mutane ke kallonsa. Da ka ce masa dogon bai dace ba, abin da ya ji shi ne ba shi da ta cewa a cikin dukiyarsa. Ina zaton kuma a gaban mutane ka faɗa, ko da muryar da ta fi tasa ƙarfi. In haka ne, wannan laifinka ne, ko da maganarka daidai ce.

Ka same shi bayan isha'i, shi kaɗai, ka zauna ƙasa da inda yake zaune. Ka ce masa, Yaya, yadda na yi maka magana ban kyauta ba, ka yafe mini. A daren nan kada ka ambaci santimita ko ɗaya. Ku ci abinci, Inna ta gani. Washegari ka roƙe shi alfarma guda: ya bi ka aiki na mako ɗaya, ko da aron takobi ne ko a wajen tsohon maigidanka, ya riƙe ma'aunin tela da ɗan littafi, duk iccen da za a yanka shi zai auna kewayensa ya rubuta. Kai kada ka ce komai. In da hali a ba shi inji mai dogon takobi, a kashe, ya riƙe shi a miƙe daidai ƙugunsa na minti biyu, sannan a ba shi mai 50. Gani ya kori ji, kuma abin da mutum ya rubuta da hannunsa ba ya musu da shi. In mako ya cika ku zauna kan littafin, ka kawo masa maganar mai 63 a matsayin abin da za a saya da ribar farko, ka bar shi ya sa ranar.

Littafin nan kuma ya zauna a hannunsa har gaba. Shi ya riƙa karɓar kira, shi ya yi ciniki, shi ya rubuta abin da ya shiga da abin da aka kashe a fetur da mai da sarƙa, shi ya je ofis neman takarda. Yana son a ga kasuwancinku da girma, kuma yana da gaskiya cewa mutane da ido suke fara zaɓe. To ya sa ƙarfinsa inda zai yi tasiri. Abin da ke sa a sake kiran mai inji a unguwa shi ne ya zo lokacin da ya ce, reshe bai faɗa kan kwanon maƙwabci ba, an datsa itacen daidai yadda uwargida ko mai burodi ke so, an share wuri kafin a tafi. Mata ne ke yaɗa sunan mai irin wannan aiki daga gida zuwa gida, kuma ba su tambayar tsawon takobi.

In duk da haka ya kafe a kan mai 90, kada ka sake musu da shi. Ka kai maganar wajen kawunku ko wani babba da yake jin nauyinsa, ka faɗa a gabansu cikin ladabi cewa kuɗi nasa ne kuma ka yarda, amma jikin da ke bayan injin naka ne, kuma ba za ka yi aikin yau da kullum da ƙarfen da ka san zai iya yanka ka ba. Wannan haƙƙinka ne, kuma ban san babban da zai ji haka ya tilasta maka ba.

Ranar saye ku tafi da tsohon takobin da tsohuwar sarƙar, ko a nan kasuwar Dole ne ko saƙo za ku ba mai zuwa Kano. A gindin takobi akwai lambobi a buge, uku ne naku: tazarar sarƙa 3/8 na inci, faɗin rami milimita 1.6, da yawan ƴan ƙafafun da ke gudu cikin ramin, 72 ga mai 50. Sarƙoƙin Husqvarna da yawa 1.5 ne, in aka ɗaura irinsu a ramin 1.6 sai su riƙa rawa, yanka ya karkace, ka yi ta zargin hannunka. Ni an taɓa sayar mini da irin wannan a cikin kwali mai kyau, sai da na ɓata mako kafin na gane. Gindin takobin 070 ba ya zama a kan injinku, kada a ce muku duk ɗaya ne. In kun samu mai hanci dunƙulalle, marar ƴar tayar nan mai haƙora a baki, ya fi jure yashi, sai dai sarƙarsa ba a ɗaure ta tamau kamar ta ɗayan. Ku duba tauraron da ke jan sarƙa a jikin kuloci, tunda tsohon takobin ya cinye da wuya shi ya tsira, kuma sabuwar sarƙa a kan cinyayyen tauraro ba ta daɗewa. A kan canza shi bayan kowace sarƙa biyu. Magagari mai milimita 5.2 ne na sarƙar Stihl mai wannan tazara, ku sayi fiye da ɗaya. Jabu ya yi yawa, fentinsa da rubutunsa kamar na gaske, don haka ku saya a wajen mai shagon da za ku iya komawa gobe ku same shi. Sabon takobin ka riƙa juya shi, sama ta koma ƙasa, duk lokacin da ka sauya sarƙa, ka kuma sakace ramin da ƴar ƙofar mai da tsinke.

Yaya ya riƙe kuɗin, shi ya yi ciniki. Kai ka shimfiɗa sarƙar a kan teburin mai shago ka ƙirga ƙafafun nan ɗaya bayan ɗaya, sai sun cika 72 sannan ka ce masa ya biya.